Awon Saiwar Shuka Da Hoto

Manomin rani a Bunkure da Kura yakan dubi ganye ya ce alkamarsa ta yi kyau, amma abin da ke ƙarƙashin ƙasa ba ya gani. Saiwa kuwa ita ce bakin shuka.

A dā in malaman gona za su auna saiwa, sai su tuge shuka, su wanke, su bi da ma'auni. Aiki ne mai cin rai, shukar kuma ta mutu. Yanzu akan binne bututu garai-garai kamar gilashi, a riƙa zura 'yar kyamara ciki mako-mako. Kwamfuta ke bin hotunan, ta faɗi tsawon saiwa da kaurinta da zurfin da ta kai.

Abin ya shafi masu noma da ruwan Tiga. In ruwa ya kwanta a fangali, iska ba ta shiga ƙasa, sai saiwar alkama ko tumatir ta tsaya sama-sama. Ran da ruwan kanal ya yi jinkiri, nan da nan shuka ta yi yaushi.

Marar kyamara yana da fartanya. Ya tona gefen fangali ya duba. Farar saiwa lafiyarta ƙalau. In ta yi baƙi tana wari, ya rage ruwa, ya yashe magudana.