Darasi Na 14: Katifar Jariri

Sabon jariri ba ya iya ɗaga kansa. In katifa ta cika taushi, hancinsa yana iya nutsewa ciki, numfashi ya gagare shi, mu kuwa muna barci.

Kafin mu saya, mu danna ta da tafin hannu. In ta lotsa ta bar rami, mu ƙyale ta. Mai tauri ita ce ta kirki.

Mu gwada ta a gadon. In fiye da yatsu biyu sun shiga tsakaninta da gefen gado, ta yi kaɗan. Jariri yana iya maƙalewa nan.

Mu kwantar da shi rigingine, ba matashi, har ya cika wata 12.

Tambaya: Don me muke gudun katifa mai taushi?