Ƙadangare Mai Dogon Hanci

A Amurka ta Kudu akwai wata ƙasa, sunanta Ekwado. A yammacin babban birninta, Kito, akwai wani ɗan gari cikin duwatsu, ana ce masa Mindo. Kurmi ne ya kewaye shi, ga ruwan sama, ga hazo kusan kullum. A wannan kurmi wani ɗan ƙadangare yake zaune, kuma ba a taɓa samunsa a wata ƙasa ba.

Jikinsa bai wuce inci 3 ba, ban da wutsiya. Abin mamaki shi ne hancinsa. Namijin yana da wani tsinin nama a kan hanci, mai tsawo, kamar ƙaho. Amma ba ƙashi ba ne, yana lanƙwasa. In yana neman mace sai ya ɗaga shi sama. Macen ba ta da shi ko kaɗan.

An fara kama shi a 1953, masana suka rubuta bayaninsa a 1956, suka sa masa suna Anolis proboscis. Bayan 'yan shekaru sai aka daina ganinsa. Aka yi shekara wajen arba'in shiru, har wasu suka ce irinsa ya ƙare. A 2005 wasu masu yawon kallon tsuntsaye suka ga ɗaya yana ƙetare hanya kusa da Mindo, suka ɗauki hotonsa.

To, ina ya shiga duk shekarun nan? Bai je ko'ina ba. Ƙadangarun da muka saba gani suna gudu a kan katanga, kowa na ganinsu. Shi wannan can ƙololuwar itatuwa yake, yana tafiya sannu sannu kamar hawainiya, launinsa ya saje da reshe. Da rana ko ka zura ido ba ka ganinsa. Sai da dare, in ya kwanta barci a ƙarshen reshe, jikinsa yakan yi haske, masu nema su haska shi da tocila.

Yanzu yana cikin dabbobin da ake tsoron ƙarewarsu. Wurin zamansa kaɗan ne, ana kuwa sare kurmin don noma da kiwon shanu. Wasu kuma suna kama shi a ɓoye su sayar a ƙasashen waje. Mutanen Mindo da yawa daga baƙi masu zuwa kallon kurmi suke samun abinci, saboda haka wasu masu filaye sun bar itatuwansu a tsaye.

Tambayoyi: Me ya sa aka daɗe ba a ga ƙadangaren nan ba? Wace dabba ce tsofaffin garinku suka sani, wadda yanzu ba a ganinta?