'Yarki na sakandare a Amurka? Ta fara tara kiredit na jami'a tun yanzu

Digirin farko a Amurka yawanci kiredit 120 ne, kwas ɗaya kuma kiredit 3. Yarinyar da ta shiga jami'a da kiredit 15 a hannu ta riga ta cinye zango guda, kuɗinsa kuma ya zauna a aljihunki. Bincike ya nuna irin waɗannan ɗalibai sun fi takwarorinsu kai wa ga kammala digiri. Ban yi mamaki ba: a shekarar farko yara suka fi zubewa, ita kuwa ta riga ta san halin lakcara da wa'adin miƙa aiki.

1. Gobe da safe ki nemi ganin mai ba ɗalibai shawara a makarantarsu. Ki tambaye shi hanyoyin da suke da su.

2. Hanya ta farko AP ce. Ana koyar da kwas ɗin a sakandare, a yi jarrabawa a watan Mayu, maki daga 1 zuwa 5. Jami'o'i da yawa na karɓar 3, masu tsauri sai 4 ko 5.

3. Ta biyu, ta ɗauki kwas na kwaleji kai tsaye. A birnin New York akwai College Now na jami'ar CUNY, kyauta ga 'yan makarantun gwamnati. Jihar Ohio na da College Credit Plus.

4. Nan ne nake so ki buɗe ido sosai. Ba kowane kiredit ne ke rage hanya ba. Wata jami'ar za ta ƙi shi, wata ta karɓa amma ta ƙi lissafa shi cikin kwasa-kwasan dole na fannin yarinyar. Kafin rajista, ku buɗe shafin jami'o'in da take hari ku duba abin da suke karɓa. In bai fito fili ba, ku aika imel, ku adana amsar. Turanci da lissafi sun fi saurin shiga.

5. Kada ki ɗora mata fiye da ƙarfinta. Makin kwas ɗin kwaleji yana zama a takardar sakamakonta har abada, faɗuwa kuma tana iya taɓa tallafin karatu daga baya. Ta fara da kwas ɗaya.

6. Idan ta sami gurbi a jami'a, ita za ta sa kwalejin ta tura sakamakon zuwa jami'ar. Ba ya tafiya da kansa.