Amsoshin Tambayoyinku: Wane icce ya dace da ƙotar tsohuwar bindiga?

Wani mai sauraronmu daga Ngaski ya ce ƙotar bindigar farautar da ya gada wurin kakansa ta tsage, yana tambayar iccen da ya dace a sassaƙa mata.

To Malam, a bakin tafkin Kainji icce yana shan laima da damina ya kumbura, hunturu ya zo ya busar da shi ya tsage. Saboda haka ka fara duba bushewa. Ɗanyen icce ko na wace bishiya ne zai ba ka kunya. Maɗaci yana da sauƙin sassaƙa, ba ya yawan murɗewa, shi muka fi so. Kirya ta fi shi ƙwari, gara ba ta cin ta, sai dai nauyi. Ka kai wa masassaƙi tsohuwar ƙotar ya auna, kada ka yar da ita, aikin hannun magabata ne.

Sai kuma batun doka: Dokar makamai ta Najeriya ta 1959 ta ba kwamishinan 'yan sanda ikon hana riƙe ko da harba-ka-ruga ba tare da lasisi ba. Idan kuwa libarba ce, tana cikin makaman da sai da izinin shugaban ƙasa ake riƙewa, don haka ka tuntuɓi 'yan sanda a Yauri kafin maganar gyara.