Mai Jego da Teɓar Haihuwa: Abin da Za a Yi da Wanda Ba Za a Yi Ba

Ba a gama naɗe tabarmin suna ba mai jego za ta tsinci kanta tsakanin runduna biyu. Ga ta su inna da gwaggo, masu turo kwano kan kwano, su tsaya a kanta sai ta share, wai nono ba ya zuwa sai da ɗura. Ga kuma ta ƙawaye da masu talla a waya, masu nuna mata hoton wance da ta haihu mako uku ciki har ya lafe. Kowace runduna gani take gata take yi mata. Ga nawa, ƙanwata, kuma ba da lallashi zan faɗa ba, domin maganar ta shafi jininki da zuciyarki da abincin jaririn da bai da wani abinci sai ke.

Kada ki rage cin abinci kafin arba'in. Ranar haihuwa kaɗai mace kan sauke kilo 5 zuwa 6, tsakanin jariri da mabiyiya da ruwa da jini. A makon farko wani ruwan ya ƙara fita ta fitsari da gumi. Mahaifar da ta kai kusan kilo 1 ranar haihuwa kuwa sai ta yi mako 6 kafin ta koma ƙasa da giram 100. To, tudun da kike gani a madubi ranar suna ba kitse ne duka ba: mahaifa ce ba ta gama komawa ba, da fata da naman ciki da suka buɗe. Yunwa ba ta gyara ko ɗaya daga cikinsu. Ki bari sai mako 6 zuwa 8 sun wuce, nono ya zauna, jinin biƙi ya ɗauke, sannan a yi maganar sikeli.

Ki sa yaro a nono cikin sa'ar farko, kuma kada ki bari kowa ya matse dakashi ya zubar da sunan datti ne. Shi ne rigakafinsa na fari. Daga nan nono zalla har wata 6, babu ruwa, babu rubutu, babu zuma, babu tsimi, ko da ana zafin watan Afirilu. Kusan kashi 87 cikin 100 na nono ruwa ne. Haka Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka tsayar, tare da ci gaba da shayarwa har shekara 2, adadin da Musulmi suka riga suka sani daga Suratul Baƙara. Amma a binciken lafiya na ƙasa na 2018, jarirai 29 cikin 100 ne kawai ke samun nono zalla a Najeriya. Ribar ba ta yaro kaɗai ba ce. Murɗawar da kike ji a mara duk sa'ad da ya kama nono, mahaifa ce take tsukewa, jini yana raguwa. Haɗa nonon kwana guda kuma yana cinye kalori wajen 500, wani daga abin da kika ci, wani daga kitsen da ciki ya tara miki a cinya da ƙugu domin wannan aikin.

Sai dai kada ki mai da shayarwa maganin rage ƙiba. Wata tana shayarwa tana zubewa, wata jikinta yakan riƙe kilo biyu ko uku har sai ta yaye. Duka biyun jikin mata ne, ba ciwo ba. Kada kuma ki yi gaggawar yaye wai don kada ƙirji ya zube. Ɗaukar ciki da yawan haihuwa da shekaru ne ke sauya shi, ko kin shayar ko ba ki shayar ba.

Kada ki sha shayin rage teɓa. Ko na kanti, ko na wata hajiya a WhatsApp, ko wanda aka ce daga Dubai ya zo. Galibinsu filasko ne da danginsa masu sa gudawa, ko masu sa yawan fitsari. Sikeli zai nuna kin ragu, amma ruwa ne ya fita. Kitse yana nan inda yake, kuma da ruwan nan ake haɗa nono. Ki yi kwana uku kina zarya banɗaki ki ga yadda jiri zai ɗebe ki da goyo a baya. Wannan ma mai sauƙi ne. Akwai wani magani, sibutiramin, da aka janye daga kasuwannin Turai da Amurka a 2010 saboda yana jawo bugun zuciya da shanyewar ɓarin jiki, amma har yau hukumomi suna gano shi a ɓoye cikin kayan rage ƙiba da aka rubuta wa "ganye zalla". Abin da ba shi da lambar NAFDAC, ba ki san me ke ciki ba. Mai sayarwar ma sau da yawa ba ta sani ba, sari ta yi. Mai lambar ma ba na mai shayarwa ba ne sai likita ya duba. Allurar rage ƙiba da ake yayi yanzu, irin su Ozempic, ita ma ki ajiye ta sai bayan yaye.

Haka idan ke rama ce ta dame ki, kada ki taɓa maganin ƙara ƙiban nan, "sha ka fashe". Kumburi yake sawa, ya ɗaga hawan jini da sukari, wani nau'insa kuma ya rage nono.

Yanzu ga wadda za ta ɓata wa iyayenmu rai. Kada ki ɗirki kunun kanwa safe da yamma, kuma kada ki yarda a yi miki wanka da tafasasshen ruwa. Ban ce a daina wankan jego ba. Ruwa mai ɗumi da ganyen darbejiya ko runhu yana warware gajiya, kuma kwanakin nan da ake hutar da mace ana yi mata hidima gata ne da matan wasu ƙasashe ke nema ba su samu ba. Amma ruwan da ke saɓule fata ba ya narkar da kitse ko ƙwaya ɗaya, ba ya kuma fitar da wani mugun jini. Ƙuna yake sawa, da jiri, da lalata ɗinki. Kanwa kuwa gishiri ce. Tana riƙe ruwa a jiki, tana ɗaga hawan jini, a daidai lokacin da zuciya take farfaɗowa daga wahalar ciki. Tun shekarun 1970 likitocin asibitin koyarwa na Zariya suka rubuta yawan gazawar zuciya a tsakanin masu jego a ƙasar Hausa, wanda yana cikin mafi yawa a duniya, suka kuma ɗora zargi a kan kanwa da zafi. Binciken baya-bayan nan da Farfesa Kamilu Ƙaraye na Kano ya jagoranta a asibitocin Najeriya bai tabbatar da cewa al'adar ce tushen cutar ba. Abubuwan da ya fi nunawa sun haɗa da hawan jinin masu ciki da kuma rama. Ki lura da wannan na ƙarshen, ke mai son zubewa dare ɗaya. Duk da haka babu likitan da zai ce wa mace mai hawan jini ko kumburin ƙafa ta sha kanwa. In kunu kike so, ga na gyaɗa, ga na tsamiya, ga koko.

Ki ci abinci, ki ƙoshi, amma ki san me kike ci. Ƙarin da jikin mai shayarwa ke nema a rana bai wuce kalori 330 zuwa 400 ba, wato kamar kofin kunun gyaɗa da dafaffen ƙwai 2. Ba malmala huɗu ba. Tuwon dawa ko gero ko acha daidai ciki, miya ta fi tuwon yawa: kuka, zogale, alayyahu, kuɓewa. Wake ta kowace fuska, alale ne ko fate ko dafa-duka. Kifi, hanta, ƙwai, nono mai tsabta. Farfesun ƙauri babu laifi, a dai kwashe man da ke yawo a sama. Gwanda da kankana da lemon zaƙi su maye gurbin cincin da dubulan ɗin suna da aka jibge miki a ɗaki, waɗanda kike tsinta da tsakar dare kina shayarwa ba ki ma san kin cinye ba. Ki rabar da su. Kada abincinki ya gaza kalori 1,800 a rana, kada kuma raguwarki ta wuce rabin kilo a mako. Wanda ya yi miki alkawarin kilo 10 a wata, kuɗinki yake so.

Ki rabu da lemon kwalba. Kwalba ɗaya ƙarama tana ɗauke da sukari wajen cokalin shayi 9. Haɗin lemon malt da madarar gwangwani da ake cewa yana ƙara jini, sukari da kitse yake ƙarawa. Mai ƙara jini shi ne ƙwayar da aka ba ki a asibiti, wadda mata da yawa ke jefawa bayan gado da zarar sun sauka. Ki ci gaba da sha har mako 6 zuwa 12. A binciken nan na 2018, mata 58 cikin 100 a Najeriya suna da ƙarancin jini, tun kafin a zo ga wadda ta zubar a wajen haihuwa. Ruwa kuma ki ajiye shi kusa, duk zaman shayarwa ki sha kofi.

Ɗaurin ciki: in yana sa ki ji daɗin tafiya da zama, ki ɗaura zane sassauƙa na 'yan sa'o'i. Kada ki tamke har numfashi ya gagara, kada ki kwana da shi, kada ki ɗora shi kan ɗinkin tiyata ba da izinin likita ba. Matsi mai tsanani yana tura kayan ciki ƙasa, kan naman mara da haihuwa ta riga ta sassauta, ƙarshenta fitsari ya riƙa zubowa in kin yi tari. Kitse kuma ba ya narkewa da matsi.

Ki motsa. Zaman ɗaki na kwana arba'in ba ya nufin kwanciya. Kwanciyar tana iya sa jini ya daskare a ƙafa. Ki fara da zagaya tsakar gida tun kwanakin farko, ki riƙa tsuke gabanki kamar mai riƙe fitsari, ki saki, sau da yawa a rana. Bayan an duba ki a mako na 6, ki kai tafiyar minti 30, kwana 5 a mako. Kada ki fara da atisayen kwanciya rigingine ana tashi zaune. Ki kwanta, ki ɗaga kai, ki taɓa saman cibiya: in yatsu biyu ko fiye suna nutsewa tsakanin naman ciki, to ya rabu, kuma irin wannan atisayen ƙara buɗe shi yake yi. Wadda aka yi wa aiki kada ta ɗauki abin da ya fi jaririnta nauyi, balle daka ko jan ruwa a rijiya, sai likita ya sallame ta.

Kada ki fake da azumin nafila don rage jiki. Niyyar ma ta gurɓace. Na Ramadan kuwa shari'a ta yi wa mai shayarwa rangwame in ta ji wa kanta ko ɗanta tsoro, malamai su yi miki bayanin ramuwa da ciyarwa. Ma'auninki yaron ne: in ba ya jiƙa ƙyalle sau 6 a rana, ko nauyinsa ya tsaya a katin awo, nono bai ishe shi ba.

Ki guji kwanika. Shayarwa tana hana ciki ne kawai in yaro bai kai wata 6 ba, nono zalla yake sha dare da rana, al'ada kuma ba ta dawo ba. Ɗaya ya faɗi, kariya ta faɗi. Ciki kan ciki shi ke tara teɓar da ba ta tafiya, ya kuma tsotse jini. Ki je a zaɓa miki tazarar da ba ta taɓa nono.

Kada ki yi murna da kowace rama, kada kuma ki kira kowane kumburi ƙiba. Haki in kin kwanta, tarin dare, kumburin ƙafa da fuska, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, jini mai guda-guda ko wari, zazzaɓi, bugun ƙirji da zubewa ba dalili, kuka da ƙin abinci da ya wuce mako 2: duk na asibiti ne, a ranar, ba sai an jira maigida ya dawo daga tafiya ba.

Kai kuma angon ƙarni, da kai nake. Kada ka yi mata ba'ar tumbi, ko da wasa, kada ka nuna mata hoton kowa, kada ka ja mata kunne da kishiya. Mata da yawa ba talla ce ta kai su ga shayin nan ba, kalma ɗaya ce daga bakin miji. Ragon suna na yini ɗaya ne, shayarwa shekara biyu ce, don haka kuɗin ƙwai da wake da kifi kada su yanke bayan baƙi sun watse. Ka karɓi yaron ta samu barci, domin mace marar barci yunwar zaƙi ke damunta. Ranar awon mako 6 kuma ka kai ta da kanka, ka tsaya a gwada jininta.