ZAƁEN ƘANANAN HUKUMOMI A ƘASAR MALUMFASHI: TARIHINSA DA KALMOMINSA

1.0 Gabatarwa

Dayi gari ne na manoma a ƙasar Malumfashi, kan hanyar da ta taso daga Funtuwa ta nufi Yashe. A tsarin mulki na yau, Dayi mazaɓa ce guda cikin mazaɓu 361 na Jihar Katsina, watau tana da kujerar kansila ɗaya a majalisar Ƙaramar Hukumar Malumfashi. Ga manomin dawa da masara da auduga na wannan yanki, babu wata hukuma da ta fi wannan majalisa kusa da shi, domin kuwa kasuwa da tasha da mahauta da rijiya da ɗakin shan magani duk a wuyanta suke rataye. Hausawa na cewa mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma a kan wannan hikima aka gina tsarin ƙananan hukumomi tun farko.

Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda ake cika waɗannan kujeru tun daga zamanin En'e, ta duba irin sakamakon da zaɓe ke haifarwa a kowane zango, kana ta nazarci kalmomin da Hausa ta ara ko ta ƙirƙira domin bayyana al'amarin. Tambayar da ke gabanmu ita ce: wa ke zaɓen kansila, kuma ga wa kansila ke waiwayawa bayan an zaɓe shi?

2.0 Zamanin En'e

Kafin 1976, mulkin karkara a hannun En'e yake. Umarni yakan taso daga Sarkin Katsina da majalisarsa zuwa ga hakimi, daga hakimi zuwa dagaci, daga dagaci zuwa mai unguwa. A Malumfashi, Galadiman Katsina ne hakimi, kamar yadda Sarkin Maska yake a Funtuwa. Ta wannan tsani ake karɓar haraji da jangali, ta nan kuma ake isar da saƙon gwamnati. Ko da yake a shekarun 1950 an kafa majalisun gunduma da na ƙauye waɗanda ke da wakilan talakawa, ikon yanke shawara ta ƙarshe bai bar hannun sarauta ba.

A wannan zamani ne jam'iyyun NPC da NEPU suka shigo karkara. Babban abin da ya raba su shi ne matsayin En'e: NPC tana ganin a gyara ta a hankali, NEPU kuwa tana ganin ita ce tushen zaluncin da ake yi wa talaka. Saboda 'yan doka da kotunan alƙalai da gidajen yari duk a ƙarƙashin En'e suke, ɗan adawa a ƙauye yana cikin wahala ƙwarai. Sai bayan juyin mulkin 1966 gwamnatin soja ta soma karɓe waɗannan abubuwa uku daga hannun En'e. Haka kuma, a duk tsawon Jamhuriya ta Farko, maza kaɗai ke jefa ƙuri'a a Arewa.

3.0 Gyaran 1976

A 1976, gwamnatin Janar Olusegun Obasanjo, wadda Shehu Musa 'Yar'aduwa ɗan Katsina ke mataki na biyu a cikinta, ta fito da tsari iri ɗaya na ƙananan hukumomi ga ƙasa baki ɗaya. An ƙayyade cewa yawan mutanen kowace hukuma ya kasance tsakanin 150,000 da 800,000, aka kuma mayar da majalisun sarakuna na ba da shawara. Tsohon Lardin Katsina, wanda a lokacin yana cikin Jihar Kaduna, ya sami hukumomi 7: Katsina, Daura, Mani, Dutsin-ma, Kankiya, Malumfashi da Funtuwa.

An yi zaɓen farko a watan Disamba na 1976 ba tare da jam'iyyu ba. Wasu jihohi sun yi shi kai tsaye, wasu kuma ta hanyar wakilai. Muhimmancin wannan zaɓe ya fito ta fuskoki uku. Na farko, a wannan shekara ce aka buɗe wa matan Arewa ƙofar jefa ƙuri'a. Na biyu, kansilolin da aka zaɓa su ne suka zaɓi mafi yawan wakilan Majalisar Tsara Tsarin Mulki a 1977, watau ƙuri'ar ƙauye ta isa har ga tsarin mulkin 1979. Na uku, zaɓen ya zo daidai da lokacin da dukiya ke kwarara cikin karkarar Funtuwa da Malumfashi: Shirin Bunƙasa Noma na Funtuwa, wanda Bankin Duniya ya tallafa wa, ya fara aiki a 1975, ga kuma shirin ilimin firamare kyauta da aka ƙaddamar a 1976. Taki da iri da hanyoyin karkara da azuzuwa sun zama abubuwan rabo, don haka kusanci da hukuma ya zama abin nema.

4.0 Daga Kantoma zuwa Layi

Abin mamaki shi ne, da farar hula suka karɓi mulki a 1979, ba a sake yin zaɓen ƙananan hukumomi ba har sojoji suka dawo a ƙarshen 1983. Gwamnoni suka riƙa naɗa kwamitocin riƙo. A Jihar Kaduna lamarin ya fi tsanani, domin Gwamna Abdulƙadir Balarabe Musa ɗan PRP ne, mafi yawan 'yan majalisar dokoki kuwa 'yan NPN ne, har rigimar ta kai ga tsige shi a watan Yuni na 1981. Gwamnatinsa ce ta soke haraji da jangali. Wannan ya sauke wa talaka nauyi babba, amma kuma ya ƙara jingina ƙananan hukumomi ga kuɗin da ke zuwa daga sama. Da Janar Muhammadu Buhari ya hau, sai aka danƙa hukumomin ga kantomomi.

An ƙirƙiri Jihar Katsina ranar 23 ga Satumba, 1987. Kafin wata uku su cika, ranar 12 ga Disamba, aka yi zaɓen ƙananan hukumomi ba da jam'iyya ba. A irin wannan zaɓe, mutum da sunansa da gidansu yake tsayawa. Abin da ake dubawa shi ne asali da hali da dangantaka da kuma abin hannu. Ranar 8 ga Disamba, 1990, aka sake zaɓe, wannan karo tsakanin jam'iyyu biyu da gwamnatin Janar Babangida ta kafa, watau SDP da NRC. Sabon abin da ya zo da shi shi ne layi: masu zaɓe su jeru a fili bayan hoto ko alamar wanda suke so, a ƙirga su kowa na gani.

Layi yana da amfani, yana kuma da illa. Amfaninsa shi ne ya sa satar akwati da cusa ƙuri'u suka yi wuya, tun da duk wanda ke wurin ya san adadin. Illarsa kuwa ta fi fitowa a ƙaramin gari irin Dayi, inda kowa ya san kowa. Manomin da ya ci bashin taki ko na hatsi a damina, da wane ido zai tsaya a layin da ba na mai ba shi bashi ba? Haka suruki, haka almajiri da malaminsa, haka matar aure da mijinta. Kunya da biyayya, waɗanda kyawawan ɗabi'u ne a zaman Hausawa, a nan sai suka zama dabaibayi ga mai zaɓe.

A cikin waɗannan shekaru aka yi ta tsaga hukumomi: Kafur ta fita daga Malumfashi, Bakori da Faskari da wasunsu suka fita daga Funtuwa, har yawan hukumomin jihar ya kai 34 a 1996.

5.0 Sakamakon Zaɓe Bayan 1999

Zaɓen 5 ga Disamba, 1998, shi ne na ƙarshe da hukumar zaɓe ta tarayya ta gudanar wa ƙananan hukumomin jihohi. Tsarin mulkin 1999 ya tabbatar, a sashe na 7, cewa zaɓaɓɓu ne za su riƙe ƙananan hukumomi, amma ya bar shirya zaɓen a hannun hukumar zaɓe ta jiha, wadda gwamna ke naɗa shugabanninta. Sashe na 162 kuma ya sa kuɗin hukumomin su bi ta asusun haɗin gwiwa da jiha. Daga waɗannan tanade-tanade biyu ne sauran labarin ya samo asali.

A 2015, Gwamna Aminu Bello Masari na APC, mutumin ƙasar Kafur, ya rushe majalisun da aka zaɓa a ƙarƙashin PDP a zamanin Gwamna Ibrahim Shehu Shema. Aka tafi kotu, sai a watan Mayu na 2021 Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa rushewar ta saɓa wa doka, ta ba da umarnin a biya waɗanda aka sauke haƙƙoƙinsu. Amma wa'adinsu ya riga ya shuɗe, kuma mutanen da suka zaɓe su ba wanda ya biya su shekarun da suka yi ba wakili. An sake zaɓe a watan Afrilu na 2022. A zaɓen 15 ga Fabrairu, 2025, a zamanin Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa, hukumar zaɓe ta jiha ta bayyana cewa APC ta lashe kujerun shugabanci 34 da na kansiloli 361, watau har da na Malumfashi da mazaɓar Dayi.

Wannan hali bai keɓanta da jam'iyya ɗaya ko jiha ɗaya ba. A mafi yawan jihohin Nijeriya, jam'iyyar gwamna ce kan kwashe kujerun, ko wace ce ita. Abin lura shi ne, a zaɓukan da hukumar tarayya ke shiryawa, 'yan adawa kan sami ƙuri'u masu yawa a waɗannan garuruwa. Yana da wuya a ce mutanen da ra'ayinsu ya rarrabu a kan shugaban ƙasa da sanata za su haɗa baki ɗaya a kan kansila a mazaɓu 361. Abin da ya fi kama da gaskiya shi ne, ainihin takarar ta koma cikin jam'iyya mai mulki, wurin tsayar da ɗan takara. Idan kuwa haka ne, kansila ya san wanda ya ba shi kujera, kuma kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Ranar 11 ga Yuli, 2024, Kotun Ƙoli ta yanke hukunci cewa a riƙa biyan ƙananan hukumomi kuɗinsu kai tsaye, kuma kwamitin riƙo ba shi da gurbi a tsarin mulki. Hukuncin ya taɓa kuɗi da wa'adi, amma bai sauya wanda ke shirya zaɓen ba.

6.0 Kalmomin Zaɓe

Ga mai nazarin harshe, wannan tarihi a rubuce yake cikin kalmomi. Ana iya kasa su gida uku.

(a) Aro daga Larabci: siyasa, jam'iyya, majalisa, wakili, hukuma, ƙuri'a. Asalin ma'anar ƙuri'a ita ce jefa wani abu domin fitar da rabo, kamar yadda ake yi wajen raba gado ko nama. Har yau ana cewa "jefa ƙuri'a", ko da yake dangwala yatsa ake yi a takarda.

(b) Aro daga Ingilishi: En'e, kansila, ciyaman, kamfe, kantoma. Kalmar kantoma ta samo asali ne daga muƙamin jami'in Turawa mai kula da bariki. Da aka zo naɗa mutum ɗaya ya riƙe hukuma ba da zaɓe ba, sai Hausa ta waiwaya ta ɗauko tsohon sunan nan ta laƙaba masa. Wannan zaɓin kalma shi kansa hukunci ne.

(c) Ginin gida: mazaɓa, wadda aka gina daga aikatau "zaɓa" bisa tsarin sunan wuri, kamar mahauta da masaƙa, ɗan takara, maguɗi, riƙon ƙwarya, da "ƙato bayan ƙato", sunan da aka raɗa wa zaɓen layi. Akwai kuma aikatau da aka aro daga fagen kokawa da ci: a kayar da mutum, ya sha ƙasa, ko ya ci zaɓe, ya lashe, ya cinye.

Bugu da ƙari, tun da yawancin masu zaɓe a da ba su karanta boko, alama ce ta zama sunan jam'iyya: fartanya da tauraro a Jamhuriya ta Farko, gida da masara da kuma mabuɗi a ta Biyu, doki da mikiya a ta Uku, lema da tsintsiya a wannan zamani. Fartanya da masara ba su zo bisa kuskure ba. Manomi ake wa magana da harshen gonarsa. Dangane da "ci" kuwa, ya kamata a lura cewa Hausa tana amfani da shi ga sarauta da kasuwa da riba da amana. Wanda ya ci zaɓe yana iya cin amana da aikatau ɗin nan guda.

7.0 Kammalawa

An ga yadda kujerar wakilcin karkara ta ratsa zanguna huɗu: naɗin En'e, zaɓen da ba jam'iyya, zaɓen layi, da zaɓen hukumar jiha. A zamanin En'e, dagaci yana duban hakimi. Gyaran 1976 ya yi nufin juyo da fuskar wakili ga mutanen da suka tura shi, amma yawan kantomomi da kwamitocin riƙo da kuma sakamakon da ke bin jam'iyyar gwamna sun nuna cewa har yanzu sama ake duba, illa dai fadar ce ta sauya. Manomin Dayi yana da kansila a kusa da shi, ya san gidansu, yana haɗuwa da shi a kasuwa da masallaci. Abin da ya rage masa shi ne ikon sauke shi da ƙuri'a idan rijiya ta ƙafe ko rufin aji ya yaye ba a gyara ba. Akwai buƙatar ɗalibai su shiga waɗannan garuruwa su tattara waƙoƙin kamfe da kirari da habaicin da ake yi lokacin zaɓen kansila, domin a cikinsu ne talaka ke bayyana abin da takardar sakamako ba ta ɗauke da shi.