Amsar Tambaya: Ambaliya a Kwarin Haɗeja

Tambaya: Malam, gonata da gidana suna bakin kogi a Auyo. Yaya zan yi da ambaliya?

Amsa: Ɗan'uwa, Allah Ya kiyaye. Tun da yake ruwan Agusta da Satumba, idan ya haɗu da wanda ake sakowa daga madatsun Tiga da Challawa, ciyawar kacala kuma ta toshe masa hanya, ba shi da mafita sai gonaki da gidaje, kamar yadda aka gani a 2022, to, wajibi ne ka mayar da rumbunka kan tudu, ka shuka iri mai saurin nuna, ku kuma yi gayyar yashe magudanai. Malamai sun tabbatar cewa tawakkali ba ya kore riƙon sababi; saboda haka da zarar dagaci ya yi shelar tashi, fara da fitar da iyali.